Yumɓu, Folish da Kaki: Jagorar Tsabtace Fentin Mota da Kare Shi

Yawancin masu mota rana da ƙura suke ɗora wa laifin mutuwar fenti. Suna da nasu laifin, amma sau da yawa hannun mai wanki ya fi su ɓarna. Tsumman da ake kaɗe ƙura da shi kowace safiya a busasshen jiki, da bokiti ɗaya da ake wanke mota da shi tun daga rufi har taya, da omon da ake zazzagawa don a ga kumfa, su ne ke mayar da baƙar mota ruwan toka cikin 'yan shekaru. Gyaran wannan ɓarna da hana ta dawowa aiki ne mai matakai huɗu: wanki, yumɓu, folish, sannan kaki. Kowanne da aikinsa, kuma ba a juya jerinsu.

Abin da ke kan ƙarfen

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai shafen da ke hana ƙarfe tsatsa, da faraimar da ke riƙe fenti. A kansu launi yake, ko ja ne ko baƙi ko ruwan azurfa. A sama kuma akwai wani shafe garai-garai marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Ita ce ke ba mota sheƙi, ita ce kuma ke tare hasken rana kada ya ƙona launin. Tun shekarun 1980 wannan tsari ya zama ruwan dare a kamfanonin ƙera motoci.

Idan aka haɗa duk hawan nan, kaurinsu a motar da ta fito daga kamfani yakan kama daga mikron 100 zuwa 180. Mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliya ita kaɗai ba ta cika wuce mikron 50 ba, wato kusan rabin kaurin farar takardar ofis. A kan wannan ɗan siririn abu ne duk aikin zai gudana.

Yumɓu yana ɗauke abin da ya maƙale a kan kiliya. Folish yana cin ita kanta kiliyar, kaɗan-kaɗan, har ta daidaita. Kaki yana rufe ta ya kare ta. Na ƙarshe ana iya maimaita shi ba tare da fargaba ba, na farko kuwa sai buƙata ta kama. Na tsakiyar ne ake yi da lissafi, domin abin da folish ya ci ba ya dawowa.

Kafin ka fara, ka san irin fentin da ke gabanka. Tsofaffin motoci da yawa, irin su Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1970, da motocin hayar da aka sake wa fenti a gareji, ba su da kiliya; launin ne a waje. Ka ɗiga folish a farin tsumma ka goga a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In launin motar ya biyo tsumman, babu kiliya, sai ka ƙara sassauta hannu. Motar Beljiyam kuma ba a rasa ƙofa ko bamba da aka sake wa fenti kafin ta iso hannunka, kuma kaurin wannan fenti yakan bambanta da na kamfani. In sabon fenti ne, a bar shi ya sha iska wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa masa kaki, don sinadaran da ke cikinsa su gama fita. Fentin da aka yi shi da gangan marar sheƙi kuwa, kada yumɓu ko folish ko kaki su taɓa shi. Yana da nasa kayan daban.

Kayan aiki

- Bokiti uku: biyu na jiki, ɗaya na tayoyi.
- Sabulun ruwa na wankin mota.
- Safar wanki mai laushi, da tawul-tawul na maikurofaiba aƙalla shida.
- Sandar yumɓu mai laushi, da ruwan santsinta a kwalbar feshi.
- Folish mai laushi da soson shafa shi.
- Kaki da nasa soson daban.
- Salatif ɗin takarda irin na masu fenti, da fitilar hannu, da siririyar leda.

Sai inuwa, wadda ta fi duk waɗannan muhimmanci. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, bonet ɗin baƙar mota da ta yini a rana yakan wuce digiri 70. Duk abin da ka zuba masa a lokacin bushewa zai yi ya bar tabo. Ka yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa. Ka ɗora bayan hannunka a jikin motar. In ka ji zafi, ka dakata.

Mataki na farko: wanki

Da tayoyi ake farawa, da bokitinsu da sosonsu, saboda garin birki da yashin da ke wurin kada su hau jiki. Daga nan ka kwarara wa motar ruwa sosai tun daga rufi, ruwan ya tafi da ƙura kafin hannu ya taɓa ta. A lokacin hunturu wannan ya zama dole. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, cike take da ƙwayoyin silika waɗanda suka fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya murza su a busasshen jiki, karce yake zanawa da hannunsa.

Bokiti ɗaya ruwan sabulu, ɗayan ruwa zalla. Ka tsoma safa a na sabulu, ka wanke ɓangare guda, ka ɗauraye ta a na ruwa zalla kafin ka sake komawa na sabulu. Da haka dattin zai zauna a bokitin ɗauraya maimakon ya koma jikin mota. Ka fara daga rufi, sai gilasai, bonet da but, saman ƙofofi, ka ƙare da ƙasan ƙofofi da bamba inda laka ta fi yawa. Hannunka ya riƙa tafiya a miƙe, gaba da baya, kada ka riƙa kewayawa. Omo da sabulun wanke kwanuka an yi su ne don su narkar da maiƙo, saboda haka suna wanke kaki tas, suna kuma busar da robobin bakin gilashi.

Ɗigon kwalta ba ya fita da sabulu. Akwai ruwan cire kwalta na musamman. In babu, ɗan kananzir a tsumma yana narkar da ita, amma a wanke wurin da sabulu nan take. Fetur da tina kada su kusanci fenti. Akwai kuma ruwan da ke narkar da ɓarɓashin ƙarfe, wanda ke komawa shunayya da zarar ya haɗu da shi. Ana fesawa a bar shi 'yan mintuna a ɗauraye, ba a bari ya bushe.

Da ka gama, ka tsane motar da tawul ba tare da ɓata lokaci ba. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa, in ya bushe da kansa sai ya bar fararen zobba waɗanda kan ci cikin kiliya idan rana ta dake su.

Mataki na biyu: yumɓu

Mota na iya fita fes a ido alhali jikinta da kaushi. Ka zura hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji. In ka ji tsaki-tsaki, to akwai abubuwan da suka kafe a kiliya: garin birki, ɓarɓashin ƙarfe daga wurin masu walda, ƙaron itace, ƙurar siminti, feshin fentin da iska ta kwaso daga garejin maƙwabta. Motar da ta sha zaman jirgin ruwa da tashar Kwatano ko Legas ba ta rasa irin wannan.

Abin da ke cire su shi ne sandar yumɓu. Haɗi ne na roba mai danƙo da garin gogewa mai laushi ƙwarai, ba ƙasar maginin tukwane ba. A Japan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, ya shiga kasuwar Amurka a farkon shekarun 1990. Yana zuwa mai laushi, matsakaici da mai ƙarfi. Mai yi wa motarsa da kansa ya tsaya a kan mai laushi. Mai ƙarfin yana dusashe fenti, dole sai an bi bayansa da injin folish.

1. Ka yanki kamar giram 30 zuwa 50 daga sandar, ka adana sauran. Ka murza shi a tafin hannu har ya yi laushi, ka baje shi ya yi faɗin yatsu uku ko huɗu.
2. Ka zaɓi wuri kamar kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi. Ka fesa ruwan santsi a wurin da kuma jikin yumɓun har ya riƙa ɗiga. In babu na musamman, ruwan sabulun mota mai kauri yana yi. Ruwa zalla ba ya isa.
3. Ka riƙa zamar da yumɓun gaba da baya, ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji yana cijewa, har kunnenka zai ji ɗan ƙaras-ƙaras. Bayan 'yan zuwa da dawowa sai ya riƙa wucewa sumul ba sauti. Wurin ya gama ke nan.
4. Ka goge da tawul, ka sake gwadawa da leda.
5. Ka duba fuskar yumɓun. In ta yi datti, ka ninke shi ka murza, sabuwar fuska ta fito. Ranar da ka ninke ka rasa wuri mai tsabta, ya gama aiki.

Shi ma daga sama ake farowa a gangaro. Yana aiki a gilashi da fitilu. In ya manne wa jiki ya bar shafe, ruwan santsi ne ya yi kaɗan ko jikin ya yi zafi. In kuwa ya faɗi ƙasa, ko da sau ɗaya ne, ka jefar da shi. Yashin da ya kwasa ba ya fita da wanki, kuma tsakuwa ɗaya tak ta isa ta zana ƙofa daga wannan baki zuwa wancan. Dalilin yankar ɗan kaɗan ke nan tun farko. Yanzu akwai safa da tawul masu fuskar roba da ke yin aikin yumɓu, waɗanda in sun faɗi ana iya ɗauraye su a ci gaba.

Yumɓu ba ya cire karce, kuma yana tafiya da tsohon kaki. Motar da aka yi wa yumɓu tsirara take, kada ta kwana ba a rufe ta ba.

Mataki na uku: folish

Ka haska fitilar hannu a ƙofa ka duba ta gefe. Siraran zanen da ke kewaye da hasken karce ne ƙanana birjik, kowannensu yana karkatar da haske wani gefe, shi ya sa launin ke yin hazo. Folish ba ya cike su. Aikinsa irin na kafinta ne da sanfefa: yana rage saman da ke kewaye da karcen har ya yi daidai da gindinsa. A cikinsa akwai garin gogewa, galibi na sinadarin alminiyam, mai laushin da yatsa ba ya ji. Wanda garinsa ya fi kaushi shi ake kira kamfawun, na babbar ɓarna ne, kuma dole a bi shi da mai laushi.

Kafin ka taɓa kowane karce, ka ja farcenka a kansa. In farcen ya wuce bai tsaya ba, folish zai iya. In ya maƙale, ko ka hango fari ko toka a cikin ramin, karcen ya ratsa kiliya. Gogewa ba za ta fitar da shi ba, sai dai ta cinye lafiyayyen fentin da ke gefensa. Wannan sai ɗigon fenti ko mai fenti.

Ka rufe baƙaƙen robobi da bakin gilashi da tambarin mota da salatif, domin folish yana barin farin tabo a roba. Ka fara da gwaji a wuri ɗaya, da folish mafi laushi. In ya biya buƙata, kada ka nemi wanda ya fi shi ƙarfi.

Da hannu, ka ɗiga kamar ƙwayar wake uku a soso, ka baza a wuri kamu ɗaya, ka riƙa gogawa da matsakaicin ƙarfi, tsaye sannan kwance, har folish ɗin ya fara zama garai-garai. Ka share da tawul mai tsabta kafin ya bushe, ka haska fitila ka gani. Hannu yana dawo da sheƙi ya rage ƙananan zane, amma ba zai kai inda inji ke kaiwa ba, kuma mota guda tana iya cin yini.

Inji iri biyu ne. Akwai mai juyawa a wuri ɗaya, irin wanda aka fi gani a hannun masu fenti. Yana da sauri, yana tara zafi, a hannun wanda bai ƙware ba yana ƙona kiliya cikin daƙiƙu. Akwai kuma mai juyawa yana karkarwa lokaci guda, wanda ba ya tara zafi a wuri ɗaya. Shi ya dace da ɗan koyo. Ka ɗora soson a jiki kafin ka kunna, ka baza folish da ƙaramin gudu, sannan ka ƙara. Soson ya kwanta daidai, hannu ya tafi a hankali, kowane layi ya hau rabin na baya. Ka kiyayi kaifin ƙofa da bakin bonet da duk inda ƙarfe ya lanƙwasa, don nan fenti ya fi siranta. Ka riƙa tsabtace soson, in ya cushe ka canza.

Kowane zagaye yana tafiya da 'yan mikron. Ba lallai ne sai kowane karce ya ɓace ba. Mota mai ɗan zane a ƙofa da kiliyarta lafiya ta fi wadda aka goge ta ƙal sannan ta fara saɓa bayan shekara biyu. Da ka gama, ka share jikin da ruwan cire maiƙo na masu fenti, ko ka sake wanke shi, saboda man da ke cikin folish yana ɓoye karce yana kuma hana kaki kamawa.

Mataki na huɗu: kaki

Kakin mota na asali daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, karnauba, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piyawi da Siyara. Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kaki don kada fari ya tsotse mata ruwa. Da rani ake sare ganyen a shanya, a bubbuge garin, a narkar a tace. Sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa, alhali kakin zuma tun a 62 zuwa 64 yake sakin jiki. Tsabar taurinsa ba ya shafuwa shi kaɗai, sai an haɗa shi da mai da abin da ke sassauta shi. Saboda haka in ka ga gwangwani an rubuta karnauba ɗari bisa ɗari, ana nufin kakin da ke ciki ne duk karnauba, ba duk abin da ke gwangwanin ba.

Karnauba yana ba launi zurfi, musamman baƙi da ja, amma bai cika wuce wata ɗaya zuwa uku ba, a zafin ƙasarmu ma ya fi saurin gudu. Kakin da aka haɗa da sinadaran roba yakan kai wata huɗu zuwa shida, ya kuma fi jure rana da sabulu. Motar da ke kwana a waje ta yini a waje, shi ya fi dacewa da ita. Mai son duka biyun ya fara shafa na sinadari, ya bar shi ya kwana, sannan ya ɗora karnauba. In aka juya tsarin na sinadarin ba zai kama ba. Akwai kuma shafen siramik, mai ɗauke da silika, wanda kan yi shekara biyu ko fiye. Shi in an kuskure wurin shafawa sai da folish ake cire shi, don haka gara a bar wa gwani.

Sirrin shafa kaki shi ne siranta. Ka ɗan dangwala soso, ka shafa ɓangare guda har ya zama da ƙyar ido ke ganinsa. Abin da ya taɓa kiliya ne kawai zai zauna. Sauran wahalar gogewa ce da asarar kuɗi. Ka bar shi iya mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin. Don ka tabbatar, ja yatsa a kai: in wurin ya fita fes ya yi, in ya dame ka ƙara jira. Ka ninke tawul gida huɗu ka goge a hankali, kana juya shi, ka bi da wani busasshe. Ka kauce wa baƙar roba da gilashin gaba, don kaki a gilashi yana sa waifa tsalle, yana kuma baza hasken fitilun da ke tahowa da dare.

Kula ta yau da kullum

Kashin tsuntsu yana da asid, a jiki mai zafi yana iya cin kiliya cikin sa'o'i kaɗan. Haka na jemage, haka ƙaro da 'ya'yan darbejiya da ke zubowa motar da aka ajiye a gindinta. Kada ka kankare. Ka jiƙa tawul ka ɗora a kai minti biyar, ya yi laushi, ka ɗauke shi sama ɗaya. Yana da kyau kwalbar ruwa da tawul su zauna a but saboda wannan. Rigar mota kuma sai a kan mota mai tsabta; in an rufa ta a kan ƙura, duk kaɗawar iska gogar yashi ce.

Ruwa ne ke gaya maka ko kaki na nan. In ka watsa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, da sauransa. In ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi.

A tsarin shekararmu, wanki kowane mako ko mako biyu ya isa. Kaki sau uku ko huɗu: a Oktoba kafin hunturu, a ƙarshen Fabrairu kafin zafin bazara, a Mayu kafin damina, da wani a tsakiyar damina in ruwa ya daina dunƙulewa. Yumɓu sau ɗaya ko biyu, kuma sai leda ta nuna akwai kaushi. Folish ba shi da wata. Sai fitila ta nuna buƙata, kuma bai kamata ya wuce sau ɗaya a shekara ba.

In rufin mota ko bonet ya fara yin fari-fari, gefen wurin yana ɓantarewa, kiliya ta riga ta mutu a nan. Babu kaki ko folish da zai tashe ta, sai sabon fenti. In kuma za ka miƙa motarka ga mai inji, ka tambaye shi abu uku: wane irin inji zai sa, da wane folish zai fara, kuma zai yi gwaji a wuri ɗaya ka gani kafin ya bi sauran jikin? Wanda ya ce da kamfawun yake fara kowace mota, ka karɓi makullinka ka nemi wani.